Tsohon Alƙalamin Baba Bai Mutu Ba

A gidaje da dama a Jega, Aliero da Maiyama, idan aka buɗe akwatin tsohon malamin firamare ko magatakardan hakimi, akan ci karo da alƙalami mai shan tawada. Wani Parker 51 ne, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1941, wani kuma Hero ne na ƙasar Sin da ya kwaikwayi ƙirar Parker ɗin. Sai a gwada, ya ƙi rubutu, a miƙa wa yara su yi wasa da shi. Alhali galibi tawada ce kawai ta bushe a siririyar hanyar da take bi zuwa baki, kuma zafin bazararmu da iskar hunturu ba sa barin komai da danshi.

Wani abin da ke kashe waɗannan alƙaluma a wajenmu shi ne tawadar allo. Albarkarta daban, amma da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, don alƙalamin kara da ake tsomawa. Ƙaro manne ne. Ya shiga cikin alƙalami mai shan tawada ya bushe, to ya toshe hanyar, ga garin gawayi ya zauna a kai. Haka tawadar hatimi da ta na'urar buga takarda. Duk ba nasa ba ne.

Gyaran ba ya son gaggawa. A kwance alƙalamin a hankali, kada a murɗa da ƙarfi in ya cije. A tsoma ɓangaren bakin a kofin ruwan sanyi, gara na leda, don ruwan wasu rijiyoyin kan bar gishiri. A bar shi ya kwana. Da safe za a ga ruwan ya rine. A zubar, a sake wani. A riƙa matsa robar cikin da ke riƙe tawada tana zuƙa tana fesarwa har ruwan ya fito fes. In ya yi gardama, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka ya wadatar, sannan a ɗauraye sosai. Sai a naɗe bakin da tsumma mai tsabta, a tsayar da shi baki ƙasa ya tsane.

Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa tsohuwar roba. Ban da fetur, kananzir ko sifirit, suna cin jikinsa. Masu zura reza ko allura a tsagar bakin kuwa, su ne suka fi ɓarna: tsagar ta buɗe, sai ya riƙa zubar da tawada yana kartar takarda.

Idan robar cikin ta ƙandare har tana farfashewa, wanki ba zai yi magani ba, sai an sa sabuwa. Bayan nan a nemi tawadar kwalba da aka yi dominsa, kamar Quink ko Pelikan 4001. Duk lokacin da za a ajiye shi ya daɗe, a zubar da tawadar a wanke shi tukuna.