Ƙaramin Aku a Keji: Yadda Ake Bambance Halinsa da Alamar Ciwo

Ya kai mai karatu, ko kana sayar da tsuntsaye a kasuwa, ko ka saya wa yaranka don su riƙa jin kukansu a tsakar gida, wannan bayani naka ne. Ƙaramin akun nan mai launin kore da rawaya ko shuɗi, wanda a Turance ake kira baji, asalinsa daga busassun filayen Ostareliya ne. A shekarar 1840 aka fara kai shi Ingila, daga nan ya bazu a duniya. Nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, saboda haka ciwo ba ya daɗewa kafin ya kayar da shi.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, wannan tsuntsu yana ɓoye ciwonsa. A daji, wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, don haka yakan daure har sai ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ka ga alama ƙarara, mai yiwuwa ya kwana biyu yana fama. Dabarar ita ce ka san halinsa na kullum, domin ka gane ranar da ya sauya.

Halayen da ba ciwo ba ne

Tsuntsu mai lafiya yakan yi barci a kan ƙafa ɗaya, ya cusa kansa cikin gashin bayansa. Kafin barci za ka ji yana goga bakinsa yana wani ƙas-ƙas; wannan alamar natsuwa ce. Yakan ɗan yi gyangyaɗi da rana, ya tashi ya gyara gashinsa da baki, ya girgije, ya koma surutu. Lokaci-lokaci yana zubar da tsohon gashi, sabo ya tsiro kamar ƙananan allurai a kansa. Namiji yakan riƙa kaɗa kai sama da ƙasa, ya dawo da hatsi daga maƙoshinsa ya ba matarsa, ko ya ba hotonsa a madubi. Fatar da ke saman bakin namiji shuɗiya ce, ta mace kuwa takan zama ruwan ƙasa, har ta yi kaushi a lokacin ƙwai. Da sanyin hunturu yakan hura gashinsa na ɗan lokaci, da zafin bazara kuma ya ɗaga fukafukai yana haki. A mayar da shi inuwa, a ba shi ruwa. Idan lafiyarsa ƙalau, zai dawo daidai nan da nan.

Alamomin ciwo

Ka nemi likitan dabbobi a ranar, kada ka bari sai gobe, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ya wuni a takure da hurarren gashi, idanu a lumshe, ya daina surutu.
Ya bar sandarsa ya koma zama a ƙasan keji.
Bindinsa yana motsi sama da ƙasa tare da kowane numfashi, ko yana numfashi baki buɗe alhali ba zafi.
Majina ko ruwa na fita daga hanci ko ido.
Yana amai yana watsa kai, har gashin kansa ya manne. Wannan ya bambanta da ciyar da mata, wanda yake yi cikin nishaɗi.
Kashinsa ya zama ruwa ko ya koma rawaya, ko ya manne a gashin gindinsa. Kashin lafiya ɗan dunƙule ne, kore mai duhu da fari a tsakiya.
Ƙashin ƙirjinsa ya fito da kaifi idan ka taɓa.

Ka kuma lura da kwanon abinci. Yana ɓare gero ya bar ɓawon a ciki, sai ka zaci kwanon cike yake alhali ƙaiƙayi ne. Kwana ɗaya ba ci haɗari ne ga tsuntsu ƙarami irin wannan.

Inda abin ya shafi iyalinka

Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda ƙwayar bakteriya ke kawowa. Mutum yana kamuwa idan ya shaƙi ƙurar busasshen kashi ko ta gashin tsuntsun, kuma tsuntsu yana iya ɗauke da ita ba tare da ya nuna alama ba. A 1929 da 1930 ta ɓarke a ƙasashe da dama ta hanyar cinikin aku. Bayan kwana 5 zuwa 14 takan zo da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki da busasshen tari, wani lokaci ta kai ga ciwon huhu. Da yake tana kama da zazzaɓin cizon sauro, wajibi ne ka gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kana hulɗa da tsuntsaye. Tana da magani a asibiti.

Abin da za ka yi

Ka ware mara lafiya a wuri mai ɗumi, nesa da sauran. Sabon tsuntsu, musamman wanda ya tsallako iyaka a cunkushe cikin keji, a ajiye shi daban na aƙalla kwana 30. Ka yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, ka rufe hanci da baki, sannan ka wanke hannu da sabulu. Kada a ajiye keji kusa da abincin sayarwa, ko kaji, ko hayaƙin murhu da na maganin sauro. Masu ciki, tsofaffi da ƙananan yara su bar wa wasu wankin keji. Kada a ba tsuntsu maganin mutane, kuma kada a sayar da wanda ake zargi da ciwo, domin cutar za ta bi shi har gidan mai saye.

Minti biyu na dubawa kowace safiya ya isa: tsayuwarsa, numfashinsa, kwanonsa da kashinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.