Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Intanet Ba Tare da Waya Ba

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ƙera kafin shekarar 2003, lokacin da kamfanin Intel ya fito da tsarinsa na Centrino, ba su zo da na'urar kama Wi-Fi ba, amma wannan naƙasa ba ta wajabta a jingine su ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi 'yar na'urar nan da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda ake sokawa a kafar USB, sa'an nan a ɗora manhajar da za ta gabatar da ita ga kwamfutar. Idan kuwa injin yana da faffaɗar kafar kati a gefensa, to, katin CardBus ya fi dacewa, domin tsohuwar kafar USB 1.1 ba ta wuce megabit 12 a daƙiƙa.

Sai dai akwai sharaɗi guda da bai kamata a gafala da shi ba, wato katin da bai san tsarin tsaro na WPA2 ba, wanda ya bayyana a 2004, akasarin na'urorin raba Wi-Fi na yau ba za su karɓe shi ba. Don haka, ya mai karatu, kada ka biya sai mai shago ya jarraba shi a gabanka.