ƘASHI A DASASHI BAYAN CIRE HAƘORI

A daminar bara uwargidana ta sha fama da ciwon haƙori. Turmi ne na ƙasa a gefen hagu, ya ruɓe har ya hana ta barci. Muka je asibiti, aka yi mata allurar kashe zafi, aka cire shi. Cikin kwana uku ta sami sauƙi, muka gode wa Ubangiji.

Bayan mako uku, muna cin tuwon dare, sai ta ajiye loma ta ce, "Malam, akwai wani abu a bakina mai tsini kamar ƙayar kifi." Na ɗauko tocila na haska. Ga wani ɗan farin abu ya leƙo daga dasashi a gurbin haƙorin, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Kashegari masu zuwa gaisuwa suka kawo ra'ayi iri uku. Wata ta ce sabon haƙori ne yake tsirowa. Wani ya ce likita ne ya bar rabin haƙori a ciki. Wata dattijuwa kuwa ta rage murya ta ce jifa ne, ta kuma tuna mana da cacar bakin da uwargida ta yi da maƙwabciyarmu a kan akuyar da ta cinye mana wake. Maƙwabciyar nan 'yar ikilisiyarmu ce, tare suke zuwa zumuntar mata. Ranar Lahadi na lura uwargida ta sake wurin zama a sujada. Nan ne na gane abin ya wuce ciwon baki. Ranar Litinin muka koma asibiti.

Daga ina ƙashin yake fitowa?

Haƙori ba a nama yake tsaye ba. Saiwarsa tana kafe a wani rami cikin ƙashin muƙamuƙi, kamar yadda ake kafa dirka a ƙasa. Yawanci turmin ƙasa saiwa 2 gare shi, na sama kuwa 3. Bangon ramin nan siriri ne. Sa'ad da likita yake jijjiga haƙori domin ya tumɓuke shi, ɗan ɓarɓashi yakan ɓalle daga bangon, ko da likitan gwani ne.

Ƙashi abu ne mai rai, jini ne yake ciyar da shi. Guntun da ya ɓalle ya rabu da jini, sai ya mutu. Jiki ba ya riƙe mataccen ƙashi, yakan riƙa turo shi waje kaɗan kaɗan, yadda yake turo ƙaya daga tafin ƙafa. Wannan yakan ɗauki 'yan makonni, wani lokaci har watanni. Shi ya sa mutum zai ga kamar ya warke, sa'an nan tsini ya bayyana.

Wani lokaci bakin ramin ne kansa ya yi kaifi a ƙarƙashin dasashi. Wani lokaci kuma guntun saiwa ne ya karye a ciki, hoton ƙashi yakan nuna haka. Zancen sabon haƙori kuwa, yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Na ƙarshe guda 4 sukan fito can ƙuryar baki tsakanin shekara 17 da 25. Amma haƙorin babba in an cire shi, wani ba ya tsirowa a gurbinsa.

Abin da za a yi a gida

Kulawa tana farawa tun ranar da aka cire haƙori. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da ke kāre ƙashi. Cikin awa 24 na fari kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da yau da ƙarfi, kada a sha taba. Idan gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, mugun zogi da wari sukan taso bayan kwana 2 zuwa 4. Wannan sai an koma wurin likita.

In ka ji tsini daga baya, ga shawara:

1. Zuba gishiri rabin cokalin shayi a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure baki a hankali sau 3 ko 4 a yini, musamman bayan cin abinci.
2. Ci abinci mai laushi, kamar kunu, fate, da tuwo da miyar kuɓewa. Dakata da rake, aya, ƙanzo, guguru da goro. Tauna da ɗaya gefen.
3. Ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko asuwaki, amma a bi wurin a hankali.
4. In akwai zafi, a sha farasitamol bisa ƙa'ida. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona nama.
5. Kada a tono shi da allura, tsinken sakace, ko reza. Kada a sa kanwa, garin taba, ko ruwan batir.

Ƙaramin guntu yakan faɗo da kansa. In ya kai mako guda yana nan, ko yana yankan harshe, a tafi wurin likitan haƙori. Kada a kai baki ga masu cire haƙori a kasuwa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani bakin zuwa wani.

Alamun haɗari

A tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, idan aka ga zazzaɓi, mugunya, kumburin da ke ƙaruwa, leɓe ya mutu ba ya ji, ko jinin da bai tsaya ba bayan an ciji tsumma mai tsabta na minti 30. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a tafi ko da tsakar dare ne, gama irin wannan yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa.

Masu ciwon sukari, masu sikila, waɗanda aka yi wa gashin ciwon daji a kai ko wuya, da masu shan maganin ƙarfafa ƙashi, su gaya wa likita tun kafin a taɓa haƙorinsu. Ƙashinsu ba ya saurin warkewa. Ƙashin da ya zauna a buɗe har mako 8 yana bukatar bincike sosai.

Yadda tamu ta ƙare

Likita ya shafa maganin kashe zafi, ya sa hantsaki ya zare abin. Bai kai minti 5 ba. Ya ɗora shi a kan auduga ya ce, "Mama, ga shi, ƙashin jikinki ne." Uwargida ta dube shi, ta yi shiru. Da yamma ta zuba ƙosai a kwano ta shiga gidan maƙwabciyarmu.

'Yan'uwa, ƙashin ya fita cikin minti 5, amma da mun saurari zancen jifa, da mun ɗora wa 'yar'uwa laifin da ba ta san da shi ba, wataƙila har 'ya'yanmu su gāji gabar. Dokar Allah ta hana shaidar zur, zargi marar tushe kuwa ƙaninta ne. Mu tuna Luka, marubucin Bishara, likita ne. In wani abu ya ba mu tsoro a jikinmu, mu yi addu'a, mu tafi a duba mu, mu kuma kame bakinmu a kan maƙwabta. Ubangiji ya ba mu lafiya da zaman salama a gidajenmu.