Dutsen Fulorait: Kyan Ido a Hannun Dillali, Haɗari a Ruwan Rijiya

Duk wanda ya zauna Jos ya san arzikin garin daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Tun wajen shekarar 1904 da Turawa suka fara haƙar kuza a Filato, mutanen Kano da Katsina da Bauchi da Barno suka yi ta kwararowa, wasu lebura, wasu ciniki. Jikokinsu na nan a unguwanni irin su Anguwan Rogo, kusa da Jami'ar Jos. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, sai mutane da dama suka koma harkar duwatsu masu daraja. Daga Jos ɗin ne ake ƙunso duwatsu a takarda, a sa a aljihu, a nufi Ikko da Badun neman mai saye.

To, cikin irin wannan ƙunshi akwai wani dutse da ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Kudu su san shi. Turawa suna ce da shi fulorait, ko fulospa. Kyansa sai wanda ya gani. Akwai shunayya, akwai tsanwa, akwai rawaya, wani ma launi biyu ko uku ne a jikinsa layi-layi. Yakan fito da kusurwoyi daidai wa daida kamar sukari mai ƙwaya, har mutum ya rantse wani ne ya sassaƙa shi. Ana samunsa jefi-jefi cikin duwatsun da ke ɗauke da kuza a Filato da Riruwai ta Jihar Kano, da kuma Arufu da Akwana wajen Wukari, inda yake tare da dutsen tozali.

Wannan kyau shi ke cutar baƙo. Mai shunayya yana kama da amatis, mai tsanwa kuwa sai a ɗauka zumurrudu ne, alhali kuɗinsu ba su ko kusa. Ga yadda ake gane shi. Masana sun jera taurin duwatsu daga 1 zuwa 10: daimon ne na 10, tofas 8, amatis 7, fulorait kuwa 4 kawai. Watau wuƙar aljihu tana karce shi, amma ba ta iya karce amatis. In an buge shi kuma, tsagewa yake yi sumul. Shi ya sa ba ya ƙarko a zobe. Dillalin da ya hana a gwada bakin wuƙa a gefen dutsensa, mai saye ya riƙe kuɗinsa.

Kada mai karatu ya zaci dutsen banza ne. Darajarsa a ma'aikata take, kuma da tan ake cinikinsa. Tun a 1530 wani Bajamushe mai suna Agricola ya rubuta cewa in an zuba shi a tanderu, yana sa tama ta narke da wuri, dattin ya malale ya rabu da ƙarfe. Sunansa ma daga kalmar Latin ya fito mai ma'anar malala. Har yanzu masu narka ƙarfe da alminiyam ba su rabu da shi ba. Daga jikinsa ake samun wani ruwan asid mai cin gilashi, da sinadarin fulorin wanda Henri Moissan na Faransa ya fara warewa a 1886, bayan wasu masu bincike sun jikkata wajen nemansa. Iskar da ke sanyaya wasu firji da sinadarin da ke cikin man goge haƙori duk a nan asalinsu yake. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen haƙarsa, ga kuma Meziko da Mongoliya da Afirka ta Kudu.

Sai maganar asiri. Mutanen Rum na dā sun sassaƙa kofuna da wani dutse da masana ke ganin shi ne, kuma marubucinsu Pliny ya ce Sarki Nero ya biya dukiya mai yawa a kan kofi ɗaya. A zamanin nan akwai kantuna a Turai da Amurka masu sayar da shi da sunan wai yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana korar damuwa. Ashe dai ba a Afirka kaɗai ake cin kasuwar camfi ba! Babu likitan da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya tabbata shi ne wani irinsa yana ƙyalli in an haska masa wata fitila ta musamman, wani kuma yana ba da haske tsanwa in an ɗumama shi cikin duhu. Wanda bai sani ba sai ya ce aljanu ne. Wani Bature, George Stokes, ya yi bayanin ƙyallin tun 1852. Ajiye dutsen a ɗaki ba ya cutarwa, amma kada wani ya yarda a daka masa shi ko a jiƙa ya sha da sunan magani.

Inda sinadarin nan yake taɓa jikin mutum da gaske shi ne ta ruwan sha. Ruwan da ya daɗe kwance cikin fulorait da dangoginsa yana narkar da kaɗan daga sinadarin da ake kira fulorayid. Kaɗan ɗin yana ƙarfafa haƙori. In ya zarce miligiram 1.5 a kowace lita, watau iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, sai haƙoran yara su fito da dabbare-dabbare kamar na tsohon mai cin goro. Likitoci sun tarar da haka a Langtang, nan Jihar Filato. Abin da ya faru a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ya fi muni. An haƙa wa garin rijiyar burtsatse a shekarun 1980, aka yi ta sha, sai wajen shekarar 2000 duniya ta ji labarin ɗaruruwan yara da ƙafafunsu suka karkace, wasu ba su iya tafiya.

Ruwan irin wannan garai-garai yake, ba wari, ba ɗanɗano, kuma tafasa shi ba ta fitar da sinadarin. Wannan ya shafi mazauna Sabo ta Badun da Agege da Shagamu, waɗanda kan tara kuɗi a ƙungiyance su aika gida a haƙa burtsatse sadaka. Kafin a buɗe famfo a kira jama'a, a ɗebi kwalba guda a kai ɗakin gwajin hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a ce musamman a auna fulorayid.  Wanda kuma aka yi wa tallar dutse yana shakka, Jami'ar Jos tana da sashen nazarin duwatsu, ga ta nan daf da Anguwan Rogo.