Waƙoƙin Mamman Shata a Kunnen Zuriya Uku

1.0 Gabatarwa

Alhaji Mamman Shata Katsina, haifaffen Musawa, ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu kafin rasuwarsa a 1999. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Makaɗin da ya daɗe haka, dole ne masoyansa su kasance hawa-hawa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa bambancin da ke tsakaninsu ya samo asali ne daga hanyar da waƙar ta bi ta isa kunnen kowane rukuni. Ana iya ganin haka ko a unguwa irin Sauka Kahuta ta Minna, inda Hausa take harshen hulɗa tsakanin Hausawa da Nufawa da Gbagyi.

2.0 Rukunan Masu Sauraro

Rukuni na farko su ne dattawan da suka ga Shata a dandali. A wurinsu waƙa aukuwa ce: sun san wanda aka wasa, da wanda aka yi wa zambo, da kyautar da ta biyo baya. Sun kuma san cewa Shata nan take yake ƙulla baitocinsa, don haka ko Bakandamiya ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka tashi da rediyo da kaset, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Ga ma'aikaci ko direban da neman abinci ya kai shi Minna, muryar Shata tunin gida ce. Sai dai na'ura ta daskarar da waƙar: zubi ɗaya suka haddace, har sukan yi musu da dattijo in ya kawo baitin da babu shi a kaset.

Rukuni na uku matasa ne da suka taso cikin waƙoƙin finafinai da kiɗan fiyano, suka tsinci Shata a wayar hannu, sau da yawa guntu-guntu. Suna ɗaukar karin magana da habaici, amma sunayen sarakuna da attajirai da garuruwa sun zame musu amo kawai. Waƙar kumbon Apollo 11, wadda ta kasance labarin yayi bayan saukar Amurkawa a wata a 1969, tarihi ce a gare su. Haka nan, wanda ya girma bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Neja a 2000 yakan auna waƙoƙin Shata na mashaya da wani ma'auni dabam da na kakansa.

3.0 Kammalawa

Na'ura ta adana murya, amma ba ta adana fashin baƙi ba. Ma'anar sunaye da zaurancen da ke cikin waƙoƙin tana kan rukunin farko ne, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ayyuka irin kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir (1975) da littafin tarihin Shata na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa (2006) sun share fage. Abin da ya rage wa manazarta shi ne su tattara mabambantan zubin kowace waƙa, su zauna da dattawan nan su yi musu sharhi, tun kafin a wayi gari da matani a hannu babu mai warware shi.