Ƙarfin Gona Daban, Ƙarfin Fili Daban

Duk wanda ya san ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu, tun daga Mai Wurno har Abu Na'ama zuwa Damazin, ya san Allah bai rage mu da ƙarfin jiki ba. Kakanninmu da ƙafa suka ratso Barno da Wadai da Darfur, da yawansu bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 guminmu yana cikin audugar Jazira. Har yau saurayi ɗan shekara ashirin yakan saɓa shawal na dawa mai kilo 90 ya jefa bayan mota ba tare da ya kira kowa ba. To, me ya sa wannan saurayin, in aka sa shi a filin kora, kafin a je hutun rabin lokaci sai ka gan shi dafe da bayan cinya? Me ya sa kuma mahaifinsa, wanda ya fi shi ƙarfi a zamaninsa, yau ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango?

Dalili shi ne aikin gona yana ƙarfafa abin da ya dame shi ne kawai. Mai noma yana wuni a sunkuye yana maimaita motsi guda sau dubbai, da nauyi guda, yawanci da ɓangaren jiki guda. Bayansa da damatsansa suna samun juriya, amma tsokar bayan cinya, wadda ke taka wa ƙafa birki in mutum ya sheƙa da gudu, ba ta samun rabonta. Bugu da ƙari, fartanyar bana ita ce ta bara, nauyinta bai ƙaru ba. Jiki kuwa malalaci ne, in ya saba da abu sai ya tsaya nan.

Ƙari kaɗan-kaɗan shi ne ginshiƙin duk wani tsarin ƙarfafa jiki. Mutanen Girka na da suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma shi kuma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗauke da bijimi. Wannan dai labari ne. Amma a 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya gwada abin a kan sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka. Maimakon ɗan nauyi marar yawa da aka saba ba majiyyata, sai ya nemo wa kowanne nauyin da zai iya ɗagawa sau goma kacal, yana ƙara masa duk mako, sojoji kuwa suka riƙa miƙewa da wuri. A 1948 shi da abokin aikinsa suka daidaita tsarin ya zama zubi uku, kowane zubi sau goma. Wannan lissafi na uku da goma da ake ji a gidajen motsa jiki ko'ina a duniya, daga asibiti ya fito.

Mu da muka yi kwalejin horon malamai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba a koya wa yaro rabawa kafin ya iya tarawa, kuma ba a shiga aji ba tare da an rubuta abin da za a koyar ba. Abin mamaki, ustaz ɗin da ba zai yarda ya shiga aji ba shiri ba, shi ne da la'asar zai tara yaran nadi ya ce su zaga fili sau ashirin, su yi tsalle-tsalle har harshe ya fito, gobe kuma ya sake wani abu dabam gwargwadon yadda ya tashi. Wannan gajiyarwa ce kawai. Kayan aikin mai horarwa na farko shi ne littafin rubutu na ɗan firamare: sunan kowane yaro a shafinsa, da ranar, da abin da ya ɗaga, da sau nawa.

Wani zai ce ai ba mu da ƙarafa, musamman yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa jiharmu, Sinja kanta ta yi wata biyar a 2024 ba ta hannun gwamnati, ƙungiyoyi da yawa suka watse. Gaskiya ne. Amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, saboda haka jarka mai lita ashirin ma'auni ce da ba ta ƙarya. Za ka iya farawa da lita takwas, mako mai zuwa ka ƙara ɗaya. Buhun yashi daga bakin kogi, in an auna shi a sikelin mai sayen riɗi aka rubuta nauyinsa a jiki, ya wadatar.

Motsin da ake bukata ba su da yawa. Mutum ya rungume buhu a ƙirji ya tsuguna har cinyoyi su daidaita da ƙasa, sannan ya miƙe. Ya ɗaga jarka daga ƙasa da bayansa a miƙe, ƙugu ne zai ja baya, ƙafafu su yi aikin. A nan ya kamata mai horarwa ya fi sa ido, domin a nan ne bayan mutanenmu yake lalacewa, kuma yaron da ya koyi wannan ɗagawa ya samu abin da zai amfane shi a gona har tsufansa. Sai ya kifa ya tura ƙasa da hannuwa, ya kama reshen dalbejiya mai ƙwari ya ja jikinsa sama, ya kuma riƙe jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ya yi taku arba'in ba tare da ya karkace ba. A zaɓi nauyin da mutum zai iya yi da shi sau goma sha biyu, amma ya tsaya a goma. Zubi uku, da hutun minti biyu a tsakani. Ran da ya cika goma sha biyu a duk zubin uku, zama biyu a jere, a ƙara masa kilo ɗaya ko biyu, ya koma goma. Kwana biyu a mako ya isa, alal misali Asabar da Talata, domin tsoka tana bukatar kamar kwana biyu ta gyara kanta, kuma a lokacin hutun ne take ginuwa. Duk mako na huɗu a rage nauyi a bar jiki ya sarara.

Yaro zai lura cewa cikin mako uku ƙarfinsa ya ƙaru amma damtsensa yana nan yadda yake. Kada ya karaya. A farko ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon tayar da tsoka gaba ɗaya, kaurin jiki sai bayan wata ɗaya da rabi ko biyu yake bayyana. A wannan tsakanin ne masu gaggawa suke faɗawa hannun masu sayar da ƙwayoyi da allurai na ƙara tsoka, waɗanda ke taɓa hanta da zuciya, su kuma rage wa namiji haihuwa. Uban da ya ga kwalabar da bai gane ba a ɗakin ɗansa, ya kai wa likita ya karanta masa.

Ga 'yan kora akwai ƙarin abu guda, kuma shi ne ya fi kome arha. Yaro ya durƙusa a kan tabarma, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba sannu a hankali, jikinsa a miƙe daga gwiwa zuwa kai, yana hana kansa faɗuwa har inda ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya tare ƙasa da hannu. An gwada shi a ƙasar Denmak a kan 'yan wasa 942, aka buga sakamakon a 2011, aka ga raunin bayan cinya ya ragu da fiye da rabi. A fara da sau biyar, zubi biyu, don ciwon da yake bari a makon farko ba na wasa ba ne. Hukumar FIFA ta sa shi cikin shirin ɗumama jiki na minti ashirin da ta fitar mai suna 11+, kuma da aka gwada shirin a kan matasan ƙungiyoyin Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙungiyar da 'yan wasanta sha huɗu ne duka-duka ta san darajar mutum ɗaya da bai ji ciwo ba.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina nan ne littattafan Turawa ba za su yi mana aiki kai tsaye ba. A shekarun 1960 wani masani na Tarayyar Sobiyet, Lev Matveyev, ya shahara da raba shekarar ɗan wasa kashi-kashi: lokacin shiri, lokacin gasa, lokacin hutu. Ƙasashe da yawa suka ɗauka. Amma shi yana magana ne a kan mutumin da ba shi da wani aiki sai wasa. Namu ɗan wasan manomi ne, kuma gona ta riga ta raba masa shekara. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa kokawa da dambe a ƙasar Hausa wasannin kaka ne, in rumbu ya cika, jiki ya murmure. Jamhuriyar Nijar ma da ta kafa gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, har ta zama gasar Takobi da ake ji a rediyo, bayan an kawar da amfanin gona ake yin ta.

Saboda haka namu tsarin ya bi damina. Daga saukar ruwa zuwa ƙarshen noma, lokacin da baƙar ƙasarmu ke zama taɓo har fili ba ya takuwa, zama ɗaya a mako ya isa ya riƙe ƙarfin da aka tara, muddin ba a rage nauyin ba. In riɗi ya nuna kuwa a rufe littafi gaba ɗaya. Kowa ya san riɗi ba ya jira, in aka yi jinkiri ya fashe ya zube, kuma wanda ya wuni yana yanka ba shi da sauran abin da zai ba jarka. Mako biyu ko uku na hutu ba ya rushe abin da aka gina. Bayan an sheƙe dawa, cikin sanyin Disamba zuwa Fabrairu, nan ne lokacin gini na sosai. Waɗanda suka yi shekara suna horo za su iya ƙara nauyi su rage ƙidaya zuwa sau biyar ko shida, su haɗa da gajeren gudu mai sauri da tsalle. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, a koma bayan sallar asuba ko daf da magariba, da tulun ruwa a gefe. Da azumi kuma bayan asham, kuma ba watan neman ƙari ba ne.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in tukunya ba ta taimaka ba. Masana sun ƙiyasta cewa mai ɗaga nauyi yana bukatar kimanin giram 1.6 na furotin, watau sinadarin gina tsoka, a kan kowane kilo na jikinsa a rana, ke nan mai kilo 60 yana neman wajen giram 95. Kisra da asida su kaɗai ba za su kai shi ba. Amma giram 100 na gyaɗa yana da kusan 25, ƙwai ɗaya yana da 6, ga ful da adas da wake, ga kifin kogi, ga nono a cikin godo-godo, ga agashe ran da aljihu ya yarda. Yaron da gidansu ke cin abinci sau ɗaya a rana, kamar yadda ya faru ga gidaje da yawa a shekarun nan, kada a ɗora masa nauyi irin na sauran. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya koma rabin nauyinsa na da, wanda kuma ke fitsarin jini saboda wanka a magudanan ruwa ya fara zuwa asibiti tukuna.

Iyaye kan tsorata cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. Likitocin yara sun bincika ba su samu haka ba, in dai nauyin daidai ne kuma da babba a wurin. Abin tsoro shi ne gasar da samari ke yi a bakin kasuwa, wa zai ɗaga shawal daga ƙasa a ba shi kuɗin shayi.

Dattawa kuma, maza da mata, kada su ce wannan zancen yara ne. Daga shekara talatin tsoka take fara raguwa, bayan sittin sai ta ƙara sauri. A 1990 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan tsofaffi a Boston ta Amurka, inda mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 suka yi mako takwas suna horar da ƙafafu, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce kowane baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako, wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da motsin da ke hana faɗuwa kwana uku. Baba ko Inna ba sa bukatar jarka. Su zauna a bakin angarib su miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau takwas, su huta, su sake. Su dafa bango su tsaya da ƙafa ɗaya gwargwadon ƙirga ashirin. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, kuma ya shaida wa likitansa kafin ya fara. In takwas ta yi sauƙi a koma goma, in goma ta yi sauƙi a rungumi kwalabar ruwa mai lita biyu.