Ranar da lissafin adashin gwaggona ya ɓace a intanet

Shekara da shekaru gwaggona ke riƙe da adashin mata 'yan kasuwa su 12 a zangonmu da ke Kumasi, kuma duk zubin da aka kawo a littafi take rubutawa. Da na fara koyon haɗa manhaja sai na ce mata, "Gwaggo, bari in hutar da ke, a mayar da lissafin nan cikin waya." Ta ce, "To ɗana, Allah ya sa albarka, amma littafina na nan."

Na haɗa ɗan ƙaramin shafi: a zaɓi suna, a sa kuɗin zubi, manhajar ta rubuta shi cikin fayil guda. A kwamfutata komai na tafiya sumul. Da na ɗora shi a sabar wani kamfani mai ba shafuka masauki a intanet, sai ya ƙi. Saƙon da ya fito shi ne EROFS, wato wurin na karatu ne kawai, ba a rubutu a ciki.

Maimakon in nemi dalili sai na yi yanke. Akwai folda guda mai suna /tmp da aka bari a buɗe, na mayar da fayil ɗin can, ya karɓa. Kwana uku ana shigar da zubi. Ran na huɗu na buɗe shafin, wayam! Wallahi sai da gumi ya karyo mini, don kuɗin mutane ne, kuma gwaggo za a tambaya.

Ashe ba lalacewa ba ce, haka aka tsara abin. Irin waɗannan kamfanoni ba kwamfuta guda suke ba ka ba. Kwafin manhajarka suke tayarwa idan an nemi shafin, su ƙara wasu idan jama'a ta yi yawa, su kashe idan an yi shiru. Kowane kwafi daga abin da ka ɗora tun farko yake tashi, shi ya sa ake kulle shi. Ita kuwa /tmp kamar allon makaranta ce: a rubuta, a wanke. A AWS Lambda, misali, nan kaɗai aka buɗe maka ka yi rubutu, girmanta na asali megabayit 512. Heroku na barin ka rubuta fayil, amma yana sake tayar da manhaja kusan kowane awa 24, abin da ka rubuta ya tafi. Ko SQLite ba zai cece ka ba, don shi ma fayil ne.

Maganin shi ne a raba manhaja da ajiya. Sunaye da lissafi su tafi rumbun bayanai da ke zaune daban, irin su PostgreSQL. Hotuna da takardu kuma a kai su ma'ajiyar fayil irin Amazon S3. Ko sau nawa aka kashe manhajar aka tayar, ajiyar na nan.

Littafin gwaggo ne ya rufa mana asiri. Ashe ba ta daina rubutawa ba ko rana ɗaya. Daga ciki na kwashe zubin kwanakin nan uku na shigar a sabon rumbun.

Ga ƙannena masu haɗa wa masallaci, Islamiyya ko ƙungiya shafi: kafin ku miƙa aiki, ku shigar da bayani na gwaji, ku sake ɗora manhajar, ku duba ko yana nan. Sannan ku riƙa sauke kwafin ajiyar duk mako. Ni dai yanzu duk Juma'a nakan zauna da gwaggo, ita da littafi ni da waya, mu bi zubi ɗaya bayan ɗaya.